Yadda Kyamarar Madubin Hangen Nesa Ke Aiki: Jagora Ga Mai Farawa A Karkarar Kano

Ranar 8 ga Yuli, 2013, da ƙarfe 8:14 na safe agogon Nijeriya, wani Bafaranshe mai suna Thierry Legault ya ɗauki hoton jinjirin watan Ramadan na 1434 daga garin Elancourt kusa da Paris, a daidai lokacin da masana lissafin falaki ke cewa an haifi watan. Rana tana sama tana haskawa, tazarar da ke tsakaninta da wata ba ta kai digiri 5 ba. Babu idon ɗan'adam da zai iya ganin wannan jinjiri, ko da madubin hangen nesa aka ba shi ya leƙa. Amma kyamara ta fito da shi, ɗan siririn baka mai gutsure-gutsure. Wanda ya gane yadda aka yi haka ya gane aikin kyamarar falaki gaba ɗaya.

Na rubuta wannan jagora ne domin malamin kimiyya da ke sakandare a Bichi ko Ɗambatta, da ɗalibin da ya ƙwallafa rai a kan taurari, da matashin da ke fita duban wata tare da dattawan garinsu a Kunchi, Makoɗa, Tsanyawa ko Minjibir. Kayan aikin suna da tsada, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai abin da ya fi wuyar samu a wannan sana'a, wato duhun dare, mu a kyauta muke da shi, alhali mutumin Landan ko Legas sai ya yi doguwar tafiya kafin ya same shi.

Madubi na tarawa, kyamara na ƙirgawa

Mutane da yawa sun ɗauka amfanin madubin hangen nesa shi ne ya jawo abu kusa. Babban aikinsa tara haske ne. Baƙin idonka in ya buɗe iyakar buɗewa a cikin duhu, bai wuce milimita 7 ba. Ƙaramin madubi mai bakin milimita 80 yana tara hasken da ya ninka na idonka kusan sau 130, ya tattaro shi wuri guda a gindin bututu. A nan ake sa maleƙi, gilashin da ake ɗora ido a kai. In hoto za a ɗauka, sai a zare maleƙin a zura kyamara a gurbinsa. Shi ya sa kyamarar falaki ba ta da gilashin gaba, ba ta da allo, ba ta da madanni. Wani ɗan gwangwani ne mai kafar USB. Madubin ne gilashinta, kwamfuta ce allonta.

Ido kuma ba ya ajiya. Bayan ya saba da duhu, abin da bai gani ba nan take ba zai taru ya bayyana masa ba ko da kwana ka yi kana kallo. Kyamara kuwa tana iya buɗe ido minti biyar tana tarawa, ta sake buɗewa sau ɗari, a haɗa duka.

Jigon kyamarar wani ɗan faranti ne na silikon da ake kira sensa, wani ma bai kai faɗin farce ba. An rarraba fuskarsa gida-gida, miliyoyin gidaje a jere, kowane gida shi ne fiksel. A kyamarorin masu farawa faɗin fiksel ɗaya yakan kama daga maikiron 2.4 zuwa 5, alhali kaurin gashin kai ɗaya yakan kai wajen maikiron 70. Ka ƙaddara gonar da aka bi da sungumi aka yi mata saran shuka, rami na bin rami, layi na bin layi, sannan aka yi yayyafi. In ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya ka auna ruwan da kowanne ya tara ka rubuta, za ka iya zana inda ruwa ya fi sauka a gonar ko da ba ka ga hadarin ba. Haka sensa take. Haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kamar yadda Albert Einstein ya bayyana a 1905, sunan ƙwayar foton. In foton ya faɗa cikin silikon sai ya ɓamɓaro ilektaron guda, ilektaron ɗin ya zauna a ramin fiksel. Fiksel ɗin da tauraro ya sauka a kai ya tara dubbai, maƙwabcinsa da ke kallon sarari ya tara goma sha. Hoton da kake gani a allo jadawalin waɗannan lambobi ne, an mayar da babbar lamba fari, ƙarama baƙi.

Ba kowane foton ke ba da ilektaron ba. Farantan hoto na gilashi da masana falaki suka yi kusan ƙarni guda suna aiki da su, cikin foton ɗari da ƙyar suke kama 'yan ƙalilan, sau da yawa ɗaya ko biyu. Sensa mai kyau ta yau tana kama fiye da 80. Rami kuma yana da iyaka. In ya cika, galibi tsakanin ilektaron 10,000 zuwa 50,000 a irin waɗannan kyamarori, duk abin da ya ƙaru asara ne, wurin ya fito fari fat babu komai a cikinsa. Wannan ne ke faruwa in ka ɗauki cikakken wata da waya ya fito kamar ƙwan fitila.

Hanyar auna ramukan ita ta raba kyamarorin gida biyu. CCD, wadda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a Bell Labs ta Amurka a 1969, har ta jawo musu lambar Nobel a 2009, tana tura abin da kowane layi ya tara zuwa layin gabansa, hannu da hannu, har ya isa ga ma'auni guda a kusurwa. Awon bai ɗaya ne, amma da nawa. A tsakiyar shekarun 1970 aka ɗaura ta a madubi a Arizona aka ɗauki duniyar Uranus. Ita kuwa CMOS, wadda Eric Fossum da abokan aikinsa suka inganta a cibiyar JPL ta NASA a farkon shekarun 1990, kowane fiksel da nasa ɗan abin ƙara ƙarfi, saboda haka karatu cikin sauri ne, ba ta kuma cin wuta sosai. Ita ce a cikin wayarka. An daɗe ana raina ta a fagen falaki, har ta kamo yayarta, a 2015 kamfanin Sony ya sanar zai daina ƙera CCD. Manyan cibiyoyi na nan da ita: kyamarar cibiyar Vera Rubin da ke Chile, wadda aka nuna hotunanta na farko a Yunin 2025, CCD 189 aka jera a cikinta, megafiksel 3,200. Kai dai kusan duk sabuwar kyamarar da za ka samu daga kamfanonin China irin su ZWO da QHY, CMOS ce, kada ka ɓata lokaci a kan wannan muhawara.

Bayan awo sai a mayar da shi lamba. Kyamara mai bit 12 tana bambance mataki 4,096 tsakanin baƙi da fari, mai bit 16 kuwa 65,536. Hoton JPEG mataki 256 kacal yake riƙewa. Duk hasken da ka sha sanyi kana nema yana can ƙasa-ƙasa, a matakan da JPEG ke zubarwa, don haka a FITS ko RAW ake ajiye hoton sama.

Fiksel bai san launi ba, ƙirga kawai ya iya. Kyamara mai launi an lulluɓe ta da ƙananan matatai bisa tsarin da Bryce Bayer na Kodak ya fito da shi a shekarun 1970: cikin kowane fiksel huɗu, ɗaya ja, biyu kore, ɗaya shuɗi, kwamfuta ta cike giɓin. Marar launi ba ta da wannan lulluɓi, kowane fiksel na karɓar dukan hasken, ta fi kaifi da ji, amma in kana son launi sai ka ɗauka sau uku da matatai uku. Mai farawa ya ɗauki mai launi. Wanda jinjirin wata ne burinsa, marar launi ta fi masa.

Yashi, da zafin ƙasarmu

Ranar da ka ɗauki hotonka na farko za ka gan shi cike da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi. Duk sauran wahalar wannan aiki ta rage yashin nan ce, kuma ta hanya uku yake shigowa. Shi kansa haske ba ya sauka daidai wa daida, ramuka biyu da ke jere ɗaya ya samu ɗigo 95, ɗaya 108, alhali hadari guda ne. Ma'auni ma yakan yi ɗan kuskure a kowane karatu, ko da yake a CMOS na yanzu kuskuren bai fi ilektaron ɗaya zuwa uku ba. Na ukun shi ne namu: zafi. Silikon in ya ɗumama yakan saki ilektaron da kansa ba tare da wani haske ya taɓa shi ba, ramin ya tara abin da ba ruwan sama ba ne. A ƙiyasi na kusa, duk ƙarin digiri 6 ko 7 yana ninka wannan ilektaron na ƙarya sau biyu. Ka kwatanta daren Janairu a Kunchi, lokacin da sanyi ke sauka wajen digiri 13, da daren Afrilu da kan kwana a digiri 26 ko fiye. Kyamara guda, madubi guda, amma na Afrilu ya ninka na Janairu kusan sau huɗu. Yawancin jagororin da za ka tarar a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta su, wannan damuwa ba ta kai musu inda ta kai mana ba.

Maganin farko sanyaya ne. Kyamarori masu tsada suna da wani faranti a bayan sensa wanda in wuta ta ratsa shi gefe ɗaya ya yi sanyi ɗaya ya yi zafi, abin da Jean Peltier ya gano a 1834, sai fanka ta kwashe zafin. Yakan sauke sensa digiri 30 zuwa 35 ƙasa da iskar waje. Ke nan a daren bazara ba za ka kai inda Bature ke kaiwa ba. Kada ka tilasta mata. Ka sa ta a sifili ko digiri 5 ƙasa da sifili, inda za ta iya tsayawa daram har asuba, domin tsayuwar ta fi zurfin sanyin muhimmanci, za ka ga dalili nan gaba. Wata da manyan duniyoyi kuwa ba sa bukatar sanyaya ko kaɗan, haskensu ya isa.

Magani na biyu kyauta ne, haƙuri kawai yake ci. Ka ɗauki abu guda sau da yawa, manhaja ta jera hotunan ta haɗa. Tauraro kullum yana wurinsa, yashi kuwa kowane hoto da inda yake faɗawa, don haka in an haɗa sai tauraro ya ƙarfafa yashi ya cinye juna. Lissafin yana da rowa: hoto 4 ya ninka tsabta sau biyu, hoto 16 sau huɗu, hoto 100 sau goma.

Kyamarar da ta dace da madubinka

A jikin kowane madubi an rubuta lamba biyu, faɗin baki da nisan da yake tattara haske, dukansu da milimita. Ka ninka faɗin fiksel da 206, ka raba da wannan nisa, abin da ya fito shi ne yankin saman da fiksel ɗaya ke kallo, da ma'aunin sakan na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri. Fiksel mai maikiron 3.75 a madubi mai nisan 400 ya ba ka wajen 1.9. Tsakanin 1 da 2.5 ya yi wa taurari masu nisa. Ga wata kuma, ka raba nisan da 110, ka samu faɗin hotonsa a kan sensa. A madubi mai 400 wata zai ci milimita 3.6, wanda da ƙyar ya shiga ƙaramar sensa irin ta ASI224. A mai 1,000 zai ci milimita 9, sai dai ka ɗauke shi yanki-yanki. Mutane sun sha sayen dogon madubi da ƙaramar kyamara, su yi ta lalube a sama ba su ko sami watan ba.

Akwai kuma juyawar ƙasa. Sama na tafiya digiri 15 a kowace sa'a, wato sakan 15 na kusurwa a kowace daƙiƙa. A misalinmu na sama tauraro zai tsallake fiksel kusan takwas a daƙiƙa guda, ya fito zare maimakon ɗigo. Saboda haka doguwar ɗauka sai da mazauni mai inji da ke bin sama, kuma ina ba ka shawara in kuɗinka ya rabu biyu, ka ba mazauni kaso mafi tsoka. Irin mazaunin da ya fi dacewa ana saita ƙashin juyawarsa ne da tauraron arewa. Tsayin wannan tauraro daidai yake da layin da garinka ke kai, a arewacin Kano digiri 12 da 'yan kai. Ka miƙe hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulenka wajen digiri 10 ne. Ka ga ƙasa-ƙasa yake ƙwarai, darbejiya ɗaya ta isa ta tare maka shi, gawo ma a rani yake cika da ganye, daidai lokacin da kake son sarari. Ka zaɓi wurin tun da rana.

Wuri da lokaci

A wannan yanki namu babu filin da ba shi da mai shi, gona na jingine da gona, gida na hango gida. Ka nemi izinin mai gona, ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun kafin magariba, domin mutum da bututu a kan ƙafa uku tsakar dare abin tambaya ne, kuma suna da gaskiya. Ka gayyace su su leƙa. Ka nisanci fitilun sola na kan titi da hayaƙin girki, ka sa takalmi mai rufi saboda kunama da kububuwa, ka ɗaure jan leda a bakin tocila, domin ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuwa nan take yake rushe wannan.

Birnin Kano yana kudu da mu, haskensa yakan tashi a gefen sama daga can. Abin takaici, a kudun ne gatanmu yake. Daga nan ana ganin dunƙulen taurarin Omega Centauri ya hau kusan digiri 30, alhali daga Ingila ba ya ko ɓullowa. Tsakiyar gungun taurarinmu ma yakan hau kusan digiri 50 a dararen damina. Iya nisanka da birni, iya ribarka, shi ya sa Kunchi da Makoɗa sun fi Minjibir.

Mafi kyawun lokaci a ganina shi ne daga janyewar ruwa a Oktoba zuwa shigowar hazo. An cire gero, sama ta wanku, sai dai dawa na tsaye tana tare gefen sama, raɓa kuma na sauka a kan gilashi, musamman kusa da madatsun ruwa irin su Tomas da Watari. Ka naɗa kwali ko baƙar roba ta zarce bakin madubin, tana rage raɓa. In hunturu ya kankama, ƙurar da iska ke ɗebowa daga kwarin Bodele na Chadi takan dusashe komai, amma akwai dararen da take lafawa, kuma a lokacin ne Kaza da 'ya'yanta da gajimaren Orion ke tsakiyar sama inda ƙura ta fi sirantaka. Orion shi ne abin da ya kamata ka fara da shi: yana da haske, yana hawa sama da digiri 70, hasken da za ka kama kuwa ya baro can fiye da shekara 1,300 da suka wuce. A damina, daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi yakan fi kowane dare tsabta in gajimare ya yaye.

Daren aiki

Wuta tukuna. Mazauni da sanyaya dukansu bolt 12 suke ci, tare ba su fi amfiya 4 ba, don haka batirin sola mai 100Ah zai kai ka asuba har da saura. Ka sa fiyus, ka tabbatar da kan waya kafin ka jona, domin juya ta sau ɗaya ya isa ya ƙona kyamara. Janareto ba ya cikin lissafi, ga girgiza ga hayaƙi.

Ka fitar da madubi ya sha iska rabin sa'a kafin ka fara. Ka buɗe manhajar ɗauka, SharpCap ko FireCapture, ka nufi tauraro mai haske, ka juya maɗaurin saiti a hankali har ɗigon ya ƙanƙance iyakar ƙanƙancewa, ka kulle. Hoton da saitinsa ya kauce babu manhajar da za ta gyara shi, saboda haka kada ka yi gaggawa a nan, ka kuma sake dubawa in dare ya yi sanyi, domin ƙarfe na tsukewa. Ƙarfin ji, wanda a kyamarar hannu ake kira ISO, ka bar shi tsaka-tsaki. Ƙara shi ba ya ƙara foton ko ɗaya, sai dai ya sa rami saurin cika. Ka gwada daƙiƙa 30, in taurari sun fito ɗigo ka gwada 60. In sun ja wutsiya ka koma baya. Hoto 120 na daƙiƙa 30 masu kyau sun fi hoto 12 na minti biyar da rabinsu suka karkace.

Sannan sai abin da masu farawa ke tsallakewa, wanda shi ke raba mai wasa da mai aiki. Kafin ka naɗe kaya ka rufe bakin madubi ruf, ka ɗauki hoto 20 zuwa 30 da tsawon lokaci ɗaya, ƙarfin ji ɗaya, sanyi ɗaya da hotunan sama. Waɗannan su ne hotunan duhu. Babu haske a cikinsu, don haka duk abin da suka nuna ƙaryar zafi ce da fiksel masu lahani, manhaja za ta ɗebe shi daga hotonka. Dalilin da ya sa na ce sanyi ya tsaya wuri guda ke nan, in ya bambanta ɗebewar ba za ta yi daidai ba. Da asuba kuma, ba tare da ka juya kyamara ko ka taɓa saiti ba, ka ɗaure farin ƙyalle mai tsabta a bakin madubi, ka nufi sama kafin rana ta fito, ka ɗauki gajerun hotuna 20 zuwa 30 da haskensu ya kai wajen rabin ma'auni. Waɗannan hotunan fari ne. Su ke nuna duhun kusurwoyi da inuwar ƙura, wadda ke fitowa zobe-zobe. Manhaja za ta raba hotonka da su, zobban su ɓace. A ƙasar hazo, wanda bai ɗauki hotunan fari ba ya yi aikin banza.

A gida sai ka zuba duka cikin Siril ko DeepSkyStacker, dukansu kyauta ne. Ka jefar da hotunan da iska ta girgiza ko gajimare ya ratsa. Abin da zai fito zai yi kama da baƙin allo, kada gabanka ya faɗi, hasken na matakan ƙasa. Sai ka ja su sama sannu a hankali har gajimaren ya bayyana, ka tsaya kafin yashi ya taso. Ja halal ne a wannan sana'a, domin abin da ke nan kake bayyanawa. Zana abin da babu shi kuwa ha'inci ne.

Wata da Zuhal da Mushtari hanyarsu daban. Haske ya wadata, matsalar rawar iska ce, irin wadda ke sa tauraro ƙyaftawa. Sai ka ɗauki bidiyo na minti ɗaya ko biyu, hoto dubbai, kowanne ɗan kashi na daƙiƙa, AutoStakkert ta tsamo waɗanda iska ta natsu a cikinsu ta haɗa.

Jinjirin wata

Gargaɗi kafin komai: madubin da ya kalli rana yana makantar da ido nan take, yana ƙona sensa. Masu ɗaukar jinjiri da rana tsaka ƙwararru ne masu shinge na musamman. Kai ka jira rana ta faɗi gaba ɗaya, kuma kada ka bar yaro kusa da madubi matuƙar tana sama.

Matsalar jinjiri ita ce saman da ke bayansa ta kusa kai shi haske, ko ma ta fi shi. André Danjon ya lura a shekarun 1930 cewa in tazarar wata da rana ta gaza wajen digiri 7, ido ba ya ganin jinjiri. Kyamara tana ƙetare wannan iyaka da dabaru uku, biyun ƙarshe ka riga ka san su yanzu. Silikon na jin hasken da ke bayan ja, wanda ido ba ya gani, kuma a wannan haske sama ta fi duhu, don haka ake sa matacin da shi kaɗai yake bari ya wuce. Ana ɗaukar ɗaruruwan gajerun hotuna a haɗa. Ana kuma kautar da madubi kaɗan a ɗauki sararin da babu wata a matsayin hoton fari, a cire hasken sama, a ja ɗan bambancin da ya rage. Saiti kuwa tun daren jiya ake yin sa a kan tauraro a kulle, ko a kan Zara in tana yamma, tunda ba za ka saita a kan abin da ba ka gani ba. Stellarium za ta faɗa maka inda watan yake, in ka sa mata garinka da agogo daidai.

In baka ya bayyana a allo, kada ka yi saurin murna. Ka ɗan motsa madubi: wata na gaskiya zai matsa, gashi ko ƙurar da ke kan sensa za su tsaya cak. Ka duba ko gefen mai haske na fuskantar inda rana ta faɗi, ko girmansa ya yi daidai da lissafin nan na 110. Wasu wayoyin zamani ma sukan ƙara wa hoton wata zane daga manhajarsu, saboda haka hoton waya shi kaɗai ba hujja ba ne.

Ka kuma riƙe wannan da kyau: abin da kyamara ta kama daban, abin da ido ya gani daban. Ƙungiyar ICOP mai tattara rahoton duban wata a duniyar Musulmi, wadda Muhammad Odeh ya kafa a 1998, tana rubuta gani da ido, da gani da madubi, da kamun kyamara kowanne a gurbinsa. Matsayin hoto a shari'a magana ce ta malamai, sanarwa kuwa ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar ce, bisa shawarar kwamitin duban wata. Naka shi ne ka kai rahoto ga dagaci ko hakimi, ka faɗi da me ka gani, a ina, ƙarfe nawa, ka ajiye hotunan asali ba tare da ka taɓa su ba. Babban amfanin kyamara ga masu duba shi ne ta nuna musu daidai inda za su zuba ido, ta kuma taimaka a bambance wata da guntun gajimare ko hayaƙin jirgi.

Saye da adana

Kada ka fara da babban kaya. In makarantarku na da madubi, ka sami maƙalin da ke riƙe waya a bakin maleƙi, ka koyi saiti da rage haske a kan wata, wannan kaɗai zai nuna wa ɗalibai ramuka da duwatsunsa. Daga nan sai ƙaramar kyamara marar sanyaya. Akwai kuma ƙananan madubai masu komai a haɗe, irin Seestar S50 da ya fito a 2023, mai bakin milimita 50, wanda ke neman abu da kansa, ya ɗauki hotuna na daƙiƙa 10 ya riƙa haɗa su kana kallo a waya. Ga makaranta ko ƙungiyar matasa da za su yi karo-karo, shi ne hanya mafi sauƙi, ko da yake wanda ya tsaya a kansa ba zai san abin da ke gudana a ciki ba.

Ƙura ce ke kashe kaya a nan. Kada ka buɗe kyamara bakinta na kallon sama, kada ka sauya ta a cikin iska, kada kuma ka goge gilashi da bakin riga ko ka hura da baki, domin ƙurar hazo tana da kaifi, tana karce shi. Robar hura iska ta isa, abin da ya ƙi fita hotunan fari za su ɗauke shi. Bayan aiki ka bar sensa ta ɗumama a hankali kafin ka cire wuta. Ka sa kyamara cikin leda mai zif tare da ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi irin na kwalin takalmi, sannan cikin akwati mai rufi, nesa da kwanon rufin ɗaki. A damina danshi kan sa gilashi ya yi fumfuna, don haka ka riƙa fito da kayan suna shan iska duk mako biyu, ka sauya ƙwayoyin in sun jiƙa, batirin kuma kada ya kwana babu caji.